Tsinke na Huɗu

Saura kwana uku Sallah, a Kasuwar Kwastam, wani mutum yana tsugune gaban mai takalman yara. Zai kai shekara hamsin. Hularsa zanna ta koɗe amma a wanke take tsaf, hannayensa kuwa da kaushi, irin na wanda ya yi kiwo kafin ya shigo gari. Bai zo da yaro ko ɗaya ba. Tsinkayen tsintsiya yake zarowa daga aljihu, kowanne an karya shi daidai tsawon ƙafar ɗa guda.

Yana zura tsinke cikin takalmi yana girgiza kai. "Habib kamar masara yake tsiro. Ƙaro mini babba."

"Alhaji, wannan ai har aurensa zai sa," in ji mai takalma yana dariya.

An ware na yara uku. Saura tsinke ɗaya, gajere, ya yi baƙi don daɗewa. Mai takalma ya ɗauka. "Auta fa? Ga ja mai fure."

Mutumin ya karɓe da hannu biyu. "Bar wannan. Na Gumsu ne. Ita ta daina girma."

"Allah ya sa mai ceto ce," in ji mai takalma, murya ƙasa.

Ni da nake tsaye a gefe ina kallo, ina jin ba mantuwa ta sa mutumin ya zo da tsinken ba. Ni ma har yau, in an tambaye ni yawan 'ya'yana, ba na cire marigayiya Safinatu.

Yana naɗe tsinken a hankici, yana sakawa a aljihun ƙirji. Sauran ukun ya bar su a ƙasa. Baɗi za a karya sababbi.