Sunan da Na Laƙaba wa Binta

Idan ruwa ya ja baya a fadamar garinmu, kusa da Kirikasamma, kakarmu Iya Falmata kan zauna bakin murhun banda bayan sallar magariba, tana juya kifi tana yi mana tatsuniya. Ni ne mai bakin gidanmu. Ƙanwata Binta kuwa jikin Iya take lafewa, da wuya ka ji muryarta.

Shekarar da na shiga sakandare a Haɗeja, na dawo hutu da wasu kalmomin Turanci biyu da ban gama fahimta ba. Wani dare Iya ta ba mu labarin wani masunci mai 'ya'ya mata biyu. Babbar akwai surutu, ita ke sayar da kifi a kasuwa. Ƙaramar ba ta son taro, sai zaman bakin kogi. Wata rana ƙaramar ta ji kukan ruwan ya sauya, ta raɗa wa yayarta cewa ambaliya na tafe. Yayar ta bi gida-gida tana shela, mutane suka kwashe kayansu suka hau tudu.

Iya ba ta rufe baki ba na miƙe. Na ce a Turance babbar "extrovert" ce, wato wayayyiya irina, ƙaramar kuma "introvert", mai ciwon tsoron mutane, kamar Binta. Yara suka kwashe da dariya, suka shiga kiranta Intiro. Binta ta tashi ta shige ɗaki.

Iya ta dube ni. "Ɗan nan," in ji ta, "a labarin nawa, wa ya fara jin ruwan?" Na sunkuyar da kai.

Sunan ya bi Binta har bakin rijiya. Ba ta ƙara zama wurin tatsuniya ba, har Iya ta rasu.

Yanzu Turanci nake koyarwa. Duk sanda na zo kan kalmomin nan sai na tuna da Binta. Nakan faɗa wa ɗalibai cewa "introvert" shi ne wanda hankalinsa ya fi kwanciya idan ya keɓe, ba matsoraci ba ne, ba kuma mara lafiya ba.

Bara na je Birniwa, inda Binta take aure, na ba ta haƙuri. Ta yi murmushi, ta ce ta yafe tuntuni.

"Ba sunan ne ya dame ni ba, Yaya," ta ce. "Ta bayan ƙofa nake sauraron Iya, amma rabi kawai nake ji."