Surukan Yalwa na Birtaniya

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Yalwa ta zo aikin Hajji daga Gumel, jirgi ya koma babu ita. Ta zauna a unguwar Hindawiyya da ke Makka tana tuyar masa, lokacin Hajji kuma ta tafi Arfa dafa wa alhazai shinkafa. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, amma tana da baki, har direbobin tasi na unguwar shakkarta suke yi.

A wurinta Kiristocin Turawa duk kanwar ja ce, sai da 'yarta Shifa ta auri Uzair, wani Baturen Birtaniya da ya musulunta ya zo karatun Larabci. Da Shifa ta haifi mace, Yalwa ta ce a raɗa mata Maryama, a kuma sanar da dangin uba ta waya, tunda ba su da damar shigowa Makka.

Uzair ya fara gumi. "Umma, a kira su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata 'yar Katolika ce, mahaifina Angalikan, kakata kuma Firesbiteriyan. Kowa da cocinsa."

"A gida ɗaya? To ranar Lahadi wa ke riƙe makulli?"

Ta ce lallai a haɗa su duka a bidiyo, Uzair ya yi tafinta. Uwar Uzair na jin sunan ta fashe da kukan murna, ta ɗauko hoton Nana Maryamu daga bango tana nuna musu. Kakar ta tsuke baki, ta ce dama ta san da hannun 'yan Katolika, mutanen Paparoma, a zaɓen sunan nan. Uban ya ce kowa da gaskiyarsa, ya sulale dafa shayi.

Yalwa ta warce wayar. "Gaya wa tsohuwar nan sunan uwata ne, mai sayar da daddawa. Ba ta taɓa ganin Paparoma ba, shi ma bai taɓa cin daddawarta ba. Halas, magana ta ƙare!"

Kakar ta tambaya mece ce daddawa. Uzair ya yi ta inda-inda, ƙarshe ya ce wani ɗan itace ne da ake bari ya ruɓe don miya. Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

Yanzu duk Asabar sai kakar ta kira Yalwa, su shafe awa guda suna gulmar uban Uzair. Shi kuwa Uzair yana zaune tsakani, dole ya fassara kowace kalma.