Wuta Suke Kashewa

Shekara ashirin da shida Munzali tela ya yi a Asata, cikin Enugu, amma Igbonsa bai wuce gaisuwa da tayin kaya ba. In an yi masa tsiya sai ya ce kunnensa ne ya tsufa. Bakin kam bai tsufa ba. Tun ba a san waya ba shi ke kawo labari ƙofar masallaci, da waya ta zo kuwa sai ya zama mai kula da zauren WhatsApp na 'yan garinsu, na gida da na ci-rani. Allah ya ba shi murya mai garɗi irin ta masu karanta labarai, kuma abin haushin ya san da haka.

Wata Talata da hantsi, yana cikin ɗinki, aka turo masa bidiyo. Shagunan Hausawa na ƙasan layi ne ke ci da wuta, samarin unguwa na guje-guje suna ihun "Oku, oku", wani na saran ƙofa da gatari. Daga shagonsa zuwa wurin tafiyar minti goma ce. Bai je ba, don kada wani ya riga shi ba da labarin. Ya gyara murya ya danna waya: "'Yan'uwa, an fara a Enugu. Ga su nan suna ƙone mana dukiya."

Da azahar 'yarsa Munira ta dawo daga makaranta. A Enugu aka haife ta, Igbo a bakinta kamar ruwa. Ta kalli bidiyon sau ɗaya, ta ɗago kai.

"Baba, oku fa wuta ke nan. Gobara suke cewa. Matar nan ihu take a kawo ruwa, akwai mutum a ciki."

Haka abin yake. Wayar lantarki ce ta haddasa gobarar, ƙofar kuma an sare ta ne don a fito da Manu mai gyaran takalmi, wanda hayaƙi ya sumar. Munzali ya goge saƙon, amma ina. Kafin la'asar muryarsa ta dawo masa daga Onitsha da Fatakwal, an ƙara mata hotunan gawawwakin da bai san daga ina suke ba. Ya sake naɗar wata maganar, ya ce kuskure ya yi. Wannan ba wanda ya damu ya tura ta gaba.

A garinsu, can Arewa, akwai wani Okechukwu mai kemis. Shekara goma sha takwas yana zaune da su, kuma shi ke zuwa har gida duk Asabar ya auna hawan jinin mahaifiyar Munzali. A kansa samari suka huce. Mai unguwa ya ɓoye shi a ɗakin matarsa, shagon kuwa ko kanta ba a bari ba. Bayan kwana uku Okechukwu ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Kunya ta hana Munzali kiran gida. Ranar Juma'a tsohuwar ta kira da kanta. Suka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ƙafafunta sun kumbura, babu mai auna ta.

"Allah ya sawwaƙe, Inna," ya ce.

"Amin. Mai unguwa ya zo ya kunna mini maganar da ta tunzura yaran nan. Ya tambaye ni ko na gane mai muryar."

Kafin Munzali ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Na ce ban san shi ba. Da tsufana, Munzali, na yi ƙarya a gaban mutane."

Ta kashe wayar. Har yau Munzali yana ɗinkinsa a Asata, sai dai in an tambaye shi labarin gari, cewa yake bai ji ba.