Wata uku ina tsallake sunan Rabi

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina suna tambaya ko na bar koyarwa. Ina kwance ne a asibiti, sati bakwai, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Kun san ni da son ɗalibai. Abin da ba ku sani ba, in mutum ya ɓata mini sau ɗaya, shi ke nan ya fita raina.

Rabi ce ta fi kowa ƙoƙari a ajina a Matankari. Ran nan na ji ta kai wa wani malami rubutunta ya duba. Daga ranar, in ina kiran suna da safe sai in tsallake nata. Wata uku. Yarinyar ta daina zuwa lakwal, wato makaranta.

Da na ga bencinta ba kowa, abinci ya fita raina, kuka ya ƙi tsayawa. Inna ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. A Dogon Dutsi aka auna jini, ba a ga komai ba. Yayana ya sayar da wakensa ya kai ni Yamai.

Na ji tsoro. Na zaci ɗaure ni za a yi.

Magani da safe, sannan zaman magana da wata sikolog, masaniyar halayyar ɗan Adam, sau uku a sati, ranar Laraba kuma mu marasa lafiya mu zauna tare mu takwas. Na so matar nan ƙwarai, har ranar da ta makara. Na juya mata baya, na ƙi amsa gaisuwarta. Ba ta yi fushi ba, ta ja kujera ta zauna.

Can ta ce, "Malama, jiya ni mutuniyar kirki ce. Yau wace ce ni?"

Sati biyu muka yi a kan tambayar nan kafin na iya faɗin sunan Rabi a gabanta.

Ban zama wata sabuwa ba. Har yanzu fushi na taso mini, amma ina jin tasowarsa, kuma ina iya jira kafin in yanke mutum.

Da na dawo na je gidansu Rabi. Uwarta ta bar ni tsaye a zaure, sannan ta ce, "Madam, ɗiyata kuka take har ta rame." Na ba da haƙuri. Rabi ta koma lakwal, amma ta roƙi darekta ya sauya mata aji. Abin ya yi mini zafi. Na sa hannu a takardar sauya ajin.

Alhamdu lillahi. Na gode wa yayana, da Inna, da ma'aikatan da suka jure ni.

Malamai 'yan'uwana, in kun ga kuna rabuwa da mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum su ne masu laifi, ku je a saurare ku. Kada ku jira kamar ni, sai da wata yarinya ta rasa wata uku na karatunta.