Uwani da Gafakar Malam Labbo

Uwani mai daddawa ta 'Yandoto ba ta san alif ba, ko da za a kafa mata shi tsawon rimi a ƙofar ɗaki. Ni Saude maƙwabciyarta ce shekara ashirin, zana ce kawai tsakaninmu, ko tari ta yi sai na ji. Don haka kar wani ya ce ƙari nake yi. To, ƙarin kaɗan ne.

Ubanta Malam Labbo ba wani babban malami ba ne, manomi ne mai ciwon rubutu. Yana tsara waƙoƙi da ajami, na wa'azi da na damina, kuma shekara talatin suna musayar wasiƙu da wani amininsa na Bungudu ta hannun masu jakuna. Da aminin ya rasu, iyalinsa suka maido masa da nasa. Ya haɗa duka cikin gafakar fata guda, warƙa-warƙa ba ɗinki, ta kumbura kamar ta haɗiyi ɗan akuya.

Da kakar 1954 Allah ya yi masa rasuwa. Ranar rabon gado, an gama da gonaki da tumaki, aka zo kan gafaka. Malamin da ke rabo ya ce a bi warƙoƙin: yayyenta maza, Lawali da Shu'aibu, bibbiyu, Uwani ɗaya, har su ƙare. Shu'aibu ma har ya yi magana da baduku zai ɗinka masa nasa layu, wai rubutun Baba da albarka.

Uwanin da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi, sai ga muryarta daga bayan zana.

"Malam, in anka raba, waƙar da ta fara hannun Yaya Lawali ina za ta ƙare?"

"Hannun Shu'aibu, ko naki."

"Ko wuyan ragon Shu'aibu," in ji Lawali. Aka yi dariya, ban da ita.

"To ku ɗauki rabona na fadama, ku bar mini takardun Baba a haɗe."

Fadama fa! Inda rake ke yin kaurin taɓarya! Kafin ta rufe baki sun amince. Mijinta Ibrahim ya yi wata biyu ko sannu ba ya ce mata. Ni ma na leƙa na ce, "Uwani, takarda za ki tuƙa wa yara?"

Ta ce, "Saude, ji da bakinki. Da idona na ga Baba na barin tuwo ya huce saboda su."

Cikin tukunya ta sa gafakar, ta ɗora kan duwatsu, ta zagaye da toka. Kowane rani sai ta shanya warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, tana danne su da tsakuwa, ba ta taɓa rikita jerin ba. Shekara huɗu haka. Daminar 1958 ɗakin ya yi yoyo, gara ta samu hanya ta cinye gindin warƙa goma sha. Kukan da ta yi ranar ya fi na ranar jana'iza.

Sai aka ji wani malami ya sauka Gusau yana karɓar tsofaffin rubuce-rubuce, za a kai gidan ajiya a Kaduna, cikin akwatunan ƙarfe. Ranar kasuwar Tsafe muka hau babbar mota, ita rungume da gafaka, ni rungume da tsoro.

Malamin mai tabarau ne, ya daɗe yana buɗawa a hankali. Uwani ta ce, "Raba su za ku yi?"

"A'a Inna. Akwati guda, lamba guda, da sunan mahaifinki."

"Rantse."

Ya rantse. Sai ta roƙe shi ya karanta mata ko warƙa ɗaya. Ya fara wata waƙar shuka, ya zo inda gara ta ci ya tsaya. Uwani ta ƙarasa masa baitin da ka, yadda ta sha jin Baban nata na rera shi. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a wata takarda daban, ya sa a ciki. Haka suka bi duk inda aka ci har la'asar. Baiti uku ne ba ta tuna ba.

A mota na ce, "Yanzu ba fadama, ba takarda."

Bakinta dai na motsi, tana neman ukun nan. Ta samo ɗaya muna tsakiyar hanya, ba mai rubutawa.