Jirgin Habibu da Takalman Baƙi

Shekara takwas ke nan da rasuwar taubashina Habibu, kuma har yau in na ga takalma jibge a ƙofar zaure, dariya kan riga addu'a zuwa bakina.

Hafsan sojan sama ne, ɗan masunta daga Yawuri. An turo shi Birmingham karatun digiri na uku a kan wani irin jirgi mai fukafukai wanda ba ya hawa sama. Dab da ruwa yake gudu, iskar da ta matsu tsakanin fiffike da ruwa ita ke ɗauke da shi. Ya fi jirgin ruwa sauri, yana ɗaukar kaya masu nauyi, na'urar hango jirage kuma ba ta saurin ganinsa. Manyansa suna so ya rubuta cewa zai dace da sintiri a koguna da tafkunanmu. Shi ma haka yake so, domin so hana ganin laifi, ga shi ƙarin girmansa na rataye da wannan amsar.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rage wa ɗalibai lokacin ɗakin gwaji, sai ya sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi a ɗakinsa na unguwar Selly Oak, ya sa masa farfela da na'urar sarrafa shi daga nesa, amma ya rasa filin sakinsa. Na gaya masa akwai zauren unguwa mai daɓe sumul a Old Trafford ta Manchester, inda nake zaune, wanda hukuma za ta rufe, kuma taronmu na ƙarshe mu Hausawa a cikinsa walimar suna ce. Ya hawo jirgin ƙasa zuwa Manchester da abinsa naɗe cikin zanen gado.

Da aka gama cin waina, aka ja kujeru gefe. Jirgin ya ɗaga kamar yatsa biyu daga daɓe, ya miƙe sambal, zaure ya ɗauki tafi. Da ya kusa ƙofa, Habibu ya so juya shi. A nan ne gizo ke saƙar: irin wannan jirgi in ya karkata sosai fiffikensa zai taɓa ƙasa, in ya ɗaga kai iskar ta sake shi. Ya faɗa cikin takalman baƙi, ya tsaya da hancinsa cikin sau-cikin Dokta Lawal, dattijon likitanmu Bakano.

"Kai Habibu," in ji Dokta, "an ce maka 'yan tawaye na cikin takalmina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Yawuri ta ci Kano da yaƙi."

Kowa na riƙe da ciki, ban da Habibu. Ya tsuguna yana duban yadda takalman suka warwatse. Can ya ɗaga wani silifa ya ce, "Ɗan'uwa, waɗannan ba takalma ba ne, kwale-kwale ne. Wannan na Baba ne." Sannan shi ma ya fashe da dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

Gani ya kori ji. Ya rubuta cewa jirgin na buɗaɗɗen ruwa ne mai kwanciya, ba na kogin da ke cike da masunta da taru da tsibirai ba. Manyansa ba su ji daɗi ba. Ƙarin girman ya makara, aka tura shi koyarwa, kuma a aji ya ƙare aikinsa. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Yanzu ana sake maganar irin waɗannan jirage, har da marasa matuƙi. Na san da yana nan zai kalli hotunansu da ɗoki kamar angon jiya, ya yaba saurinsu dalla-dalla, sannan ya tambayi su wa ke kan ruwan.

An rufe zauren, jirgin kuma yana saman kabad a gidana da karyayyen hanci. Wani tsohon ɗalibinsa ya gaya mini har yau in an kawo musu sabon tsari, sai wani daga cikinsu ya ce, "To, ina takalman?" Yawancinsu ba su san asalin maganar ba, amma suna tsayawa su duba.

Allah ya jiƙan ɗan masunta, ya kai haske kabarinsa.