Yaya Munkaila da Tsaunin da Bai Gama Motsi Ba

Shekara goma ke nan da aka bugo waya gidanmu na unguwar Nima a Accra aka ce Yaya Munkaila ya rasu. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa. Injiniyan hanya ne, ya bi wata ƙungiyar agaji zuwa wata ƙasa mai tsaunuka a Asiya bayan girgizar ƙasa ta rusa musu garuruwa. Aikinsa buɗe hanyar da za a kai wa mutane abinci.

Mahaifiyarmu, Mma, ba ta so tafiyar ba. Da ya kira sai ta ce, "Ai girgizar ta wuce, ka dawo gida mana." Ya yi dariya ya ce, "Mma, girgiza ta wuce, amma tsaunin bai gama ba." Ya yi mana bayani cewa girgiza tana tsattsage jikin tsauni, wani ɓangare ya zube nan take, wani ya tsaya yana jiran ruwa. Wuraren da ya fi tsoro su ne gangare mai tsananin tsayi, da inda aka yanki gindin dutse aka yi titi, da gaɓar da kogi ya cinye. Damina na sauka ruwa ya shiga tsagar, ƙasa ta yi nauyi ta sulluɓo da duwatsu da bishiyoyi. Wani lokaci ma ta toshe kogi, ranar da ruwan ya ɓalle ya share mutanen kwari.

Sauran labarin daga bakin abokin aikinsa muka ji, wanda ya kawo mana kayansa. Mutanen wani ƙauye sun kafa tantuna a gindin gangare, don kusa da gonakinsu ne. Yaya ya hau sama ya tarar da tsaga tana buɗewa daidai kansu. Ya yi ta zarya wurin dattawansu har suka yarda, ya sa motocin aikinsa suka kwashe su zuwa wani fili nesa da tsaunin. Da ruwa ya kankama, gangaren ya zubo ya binne wurin, babu ko mutum ɗaya a ciki. Bayan 'yan kwanaki, yana duba wata hanya, ƙasa ta zaftaro kan motarsa. Can aka yi masa sutura.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau. Mutanenmu na Nima da Maamobi da Allah ya hore wa suna sayen filaye a jikin tsaunukan Aburi da ke bayan gari, ana sare dutse ana dasa bene, alhali Accra kanta takan ɗan girgiza mu jefi-jefi. Na san zai yi faɗa. Amma zai ji daɗin ganin 'yarsa Ramatu, da ya bari tana firamare, tana karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a. Bara Kawunmu Salisu ya kai ta ta ga filin da zai saya a Aburi, ta zagaya ta dawo ta ce, "Kawu, nan dai ba wurin kwanan iyali ba ne." Ya yi ta mita har suka dawo unguwar Kawukudi, amma ya fasa sayen.

Ba mu da kabarinsa da za mu ziyarta, kuma wannan har gobe yana cin ran Mma. Sai dai yaran ƙauyen nan da aka ɗora a motocinsa yanzu sun girma, wataƙila wasu har da nasu 'ya'yan. Mma ba ta san sunan ko ɗaya ba, amma duk asuba in ta zo yi wa jikokinta addu'a, sai ta haɗa da su.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa can ta fi nan.